Me za mu kira stack na Fiji da Hausa: tari, jeri ko kundi?

Mai Madubi, Jidda

Assalamu alaikum. Ana shirya ɗan jagora da Hausa don ɗalibanmu da ke nan Saudiyya masu aiki da hotunan madubin likita a manhajar Fiji, wato manhajar nazarin hotuna ta ImageJ da aka cika da kayan aiki. Kalma ɗaya ta tsayar da aikin: stack. Madubi ya ɗauki hoton ƙwayar halitta, ya sauka rabin maikiron (maikiron kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita) ya sake ɗauka, haka har sau 40, sai a buɗe su duka a taga guda ana jan ɗan maɓallin ƙasa ana bi ɗaya bayan ɗaya. A daftarin an rubuta "tarin hotuna". Ina neman ra'ayinku kafin ya bi bakin yara.

Hajiya Dakta, Riyad

Wa alaikumus salam. Ƙanena, cire tari. Tari, tsibi, tuli, duk abu ne da aka jibge, ko an juya na ƙasa ya koma sama bai canja ba. Wannan kuwa ransa tsari ne, kuma yawancin kukan da ɗalibai ke kawowa ɓacin tsarin ne.

Ga misali mafi sauƙi. Hotuna na cikin folda da sunaye hoto1, hoto2, har hoto120. Idan manhaja ta jera su bisa haruffa, abin da za ka samu shi ne 1, 10, 100, 101, har 109, sannan 11, kuma 2 ba zai zo ba sai can gaba. Kana jan maɓalli sai ka ga ƙwayar tana tsalle, ta yi girma ta ƙanƙance ba dalili. A File > Import > Image Sequence akwai akwatin Sort names numerically, a tabbata an danna shi. Wanda ya fi wannan shi ne a sa sifili a gaba tun wajen fitarwa, 001, 002, don kowace manhaja ta karanta daidai. Wanda ya ɗauki abin a matsayin tari ba zai taɓa zargin suna ba.

Sannan mu likitoci ne da yawa a nan. Ka rubuta "tari ya ƙi buɗewa" ka ga dariyar da za a yi.

Injiniya, Zahran

To ai jeri ya biya. Jerin hotuna. Akwai na farko akwai na ƙarshe, kowa ya san shi.

Hajiya Dakta, Riyad

Injiniya, jeri muna bukatarsa a wani wurin. Fayil 120 a folda, kowanne zaman kansa yake yi, wannan shi ne jeri, shi ne abin da manhajar ke kira sequence. Shigo da su shi ne mayar da jeri ya zama abu guda. Idan kalma ɗaya ce ga duka biyun, yaya za ka rubuta wa ɗalibi cewa jerinsa 120 ne amma abin da ya buɗe 118 ne? Kuma hakan na faruwa. Image Sequence na ɗaukar faɗi da tsawon hoton farko ya sa su ma'auni, wanda ya saɓa sai ya tsallake shi, ya rubuta a tagar Log da ba kowa ke dubawa ba. Wanda ya fi muni shi ne a ce wani ƙaramin hoton samfoti ne ya zo farko a folda, sai shi ya zama ma'aunin, na gaskiyar su zama baƙi. Gurbin tace suna da ke wannan tagar don haka aka yi shi: ka rubuta wani yanki na sunan da hotunan gaskiya kaɗai ke da shi.

Ɗan Makka

Yayyena, ku yi haƙuri da ni. Yaran da aka haifa a nan Larabci ya fi zama a bakinsu. Me zai hana mu ara, kamar yadda muka ari darasi da kimiyya? A littattafan kwamfuta na Larabci stack mukaddas ne, daga kaddasa, jibgewa. Falle guda kuma shariha.

Baba Malam, Madina

Ɗana, aro ba laifi ba ne, rabin kalmomin karatunmu aro ne. Amma waɗannan biyun za su ba ka wuya. Mukaddas ɗin da kake nufi da kaf ake rubuta shi. Bahaushe da ya ji shi, muƙaddas mai ƙaf zai ji, wato mai tsarki, ko kuma hankalinsa ya tafi ga muƙaddashin shugaba. Kuma tushensa jibgewa ne, ka ga mun koma ga tarin da Hajiya ta kora. Shariha kuwa a ƙasar nan layin waya ne, kuma ita ce gilashin da ake ɗora samfuri a kai a saka a madubi. Aiki uku ya yi wa kalma ɗaya yawa a ɗakin gwaji guda.

Ni kundi nake gani. Ba kundin digiri ba, kundin malamai na asali. Littattafanmu na hannu ba a ɗinke su. Falle-falle ne a ɗore kan juna, duk girmansu ɗaya, a haɗa tsakanin tadarishi a sa a gafaka. Ba ka ganin falle biyu lokaci guda, ɗagawa kake yi kana bi. Idan iska ta watsa su, abin da ke ceton mai littafi shi ne kalmar nan da marubuci ke sa wa a ƙasan shafi, wadda ita ce kalmar farko ta falle na gaba. Lambar da ke jikin sunan fayil aikinta ke nan. Girma ɗaya, tsari ɗaya, ana bi ɗaya-ɗaya, ana iya zare falle a mayar. Ban ga abin da ya rage ba. Sai ku ce kundin hoto, kowane hoto a ciki kuma falle.

Mai Madubi, Jidda

Allah ya gafarta Malam, falle ya zauna daram. Da "yanka" aka sa, alhali madubin confocal ba ya yanka komai, haske yake tacewa. Yanka sai mu bar wa masu aikin nama da wuƙar maikirotom. Tsorona da kundi shi ne wasu na kiran folda kundi.

Baba Malam, Madina

Folda ta riga ta zama folda a bakin kowa. A farkon ambato ka cika, kundin hoto, daga nan kundi kawai.

Injiniya, Zahran

Na sauka daga jeri. Abin da ya ja ni shi ne kalmar tana haihuwa: kundin zurfi idan madubi ne ke sauka, kundin lokaci idan wuri ɗaya ake ɗauka duk bayan minti biyar. Saura hyperstack, kuma nan ne ɗalibai ke faɗawa rami, don haka bari in shimfiɗa shi.

A ce rini uku aka yi, DAPI na cibiyar ƙwaya da wasu biyu, zurfi 40. Falle 120 ke nan. Manhajar ba ta san wanne ne wanne ba sai an gaya mata, a Image > Hyperstacks > Stack to Hyperstack. Za ta nemi lamba uku, wato yawan rini (c), zurfi (z) da lokaci (t), sannan tsari. Lambobin dole idan an ninka su su ba da 120 cif, 3 sau 40 sau 1, in ba haka ba ta ƙi. Wannan mai sauƙi ne, tana yin magana. Tsarin ne ba ta magana a kai. Wanda take zuwa da shi xyczt ne, wato rini ke fara juyawa: falle na 1 shuɗi, na 2 kore, na 3 ja, na 4 shuɗi a zurfi na biyu. Amma idan an fitar da hotunan rini-rini, shuɗi 40 tukuna sannan kore 40, tsarinka xyzct ne. Ka bar shi a na farko, ba wani gargaɗi da za ka gani. Abin da zai faru: rini na farko zai kwashi falle na 1, 4, 7, har 40, guda 14 duk cibiyoyin ƙwaya ne, a na 15 sai kwatsam tsarin rini na biyu ya bayyana a gurbin rini na farko. Idan kuma ka haɗa launukan, hoton zai fito fari-fari ko toka-toka, domin rini ɗaya ne a zurfi uku maƙwabta aka ɗora wa juna. Wanda bai sani ba sai ya yi murna ya ce furotin ɗinsa uku a wuri ɗaya suke zaune. Gyaran: Hyperstack to Stack, a sake da tsarin da ya dace.

Shi ya sa shawarata kullum, kada a fitar da hotuna daga manhajar madubi sai dole. A buɗe fayil na asali, czi na Zeiss, lif na Leica, nd2 na Nikon, ta Bio-Formats da ke cikin Fiji, a zaɓi Hyperstack a gurbin View stack with. Bayanin tsari na cikin fayil ɗin. Idan duk da haka zurfi da lokaci suka musanya, akwai Swap dimensions a tagar. Fayil ɗin lif kuma yakan ƙunshi ɗauka da yawa, kada a danna Open all series da wasa.

Suna: kundi mai rassa?

Hajiya Dakta, Riyad

Mai rassa ya yi, tunda maɓallan ja ne ke ƙaruwa a ƙasan taga, c da z da t. Channel kuma, wato c ɗin nan, hoton kowane rini daban, kada a ce masa launi. Kyamarar ƙarfin haske kawai take aunawa, launin mu ne muke shafa masa daga baya, kuma ana iya canja shi ba tare da lamba ko ɗaya ta motsa ba. Kalmar tasha kuma ta talabijin ce. Ni kafa nake cewa, kafar haske, kamar kafar da ruwa ke bi. A kula da rubutu dai, ba ƙafa ba.

Tunda an zo nan, a sa maganar baƙin hoto a jagoran, don ita ce ta fi yawa. Kyamara mai bit 12 lambobinta 0 zuwa 4095 ne, amma a mazubin bit 16 ake ajiye su, mai kaiwa 65535. Allo kuwa mataki 256 yake nunawa. Idan hasken samfurinka bai wuce 800 ba, aka shimfiɗa nuni a kan 65535, mafi haskensa zai faɗa wajen mataki na 3. Baƙi ƙirin, alhali ba abin da ya ɓata. Ka ɗora linzami a kan hoton, lambar za ta fito a sandar babbar taga. Akasinsa ma na faruwa: iyakar nuni ta fito daga fallen farko, wanda sau da yawa yana sama da samfurin, duhu ne zalla, sai fallayen tsakiya su yi fari fat. Ka ja zuwa tsakiyar kundi, Image > Adjust > Brightness/Contrast, ka danna Reset ko Auto, kowace kafa daban. Apply ne kada hannu ya kai, shi lambobin yake sauyawa. Haka mayarwa bit 8: da iyakar nunin da ke kai a lokacin take aiki, abin da ya haura an datse shi ke nan.

Ɗan Makka

Na bi Baba a kan Larabcin, amma akwai inda kundi ya gaza. Fallayen littafi manne suke, ba nisa tsakaninsu. A nan kuwa nisan shi ne rabin ilimin. Fiksel 0.1 maikiron, tazarar zurfi 0.5. Idan aka fitar da jeri a TIFF ko PNG aka sake shigo da shi, ma'aunin yakan zube, Image > Properties ya nuna 1, 1, 1. Ka buɗe Orthogonal Views, mai nuna kundin ta gefe, sai ƙwayar ta fito a baje, an matse tsayinta sau biyar, duk lissafin girma kuma ya tashi a banza. Masu hoton CT ma da tazarar suke rayuwa. Da "hawa" aka ce, kamar na bene, da yaro ya tambayi tsayin kowane hawa da kansa.

Baba Malam, Madina

Hujjarka tana da ƙarfi, ɗana. Sai dai hawa ba zai yi wa kundin lokaci aiki ba, minti na biyar ba ya saman minti na ɗaya. A bar kundi, a ba tazara babi nata, a sa dokar cewa duk kundin da aka buɗe, Properties ne farkon abin dubawa, a gwada da abin da aka rubuta ranar ɗauka.

Mai Madubi, Jidda

An rubuta. Saura virtual stack.

Injiniya, Zahran

A fara da lissafin, sunan zai biyo. Falle mai fiksel 2048 sau 2048 a bit 16 megabayit 8 ne. Kafa 3, zurfi 40, lokaci 20, falle 2400, kusan gigabayit 19. Kwamfutar ɗalibi mai RAM 16 ba za ta ɗauka ba. Edit > Options > Memory & Threads na ba ka damar ƙara wa Fiji rabo, amma kada a wuce kamar kashi 75 cikin 100 na RAM, kuma sai an rufe an sake buɗewa yake kamawa. Idan bai isa ba, Use virtual stack: kundin na zaune a faifai, fallen da kake kallo kaɗai ake ɗaukowa. Harafin V zai fito a saman taga. Na kallo ne kawai, duk gyaran da ka yi wa falle yana tafiya da ka matsa gaba, kuma daga filash ja yake yi kamar ba zai zo ba. Ka leƙa, ka gano inda ƙwayarka take, ka yi Duplicate na wannan yankin, ko ka koma Bio-Formats ka yi amfani da Specify range for each series. Ni kundin leƙe zan kira shi.

Hajiya Dakta, Riyad

Leƙe yana da ɗan warin rashin kunya, amma ya faɗi aikin. A sa shi a daftari a ga ko ɗalibai za su riƙe.

Ƙanena, ƙara wannan a ƙarƙashinsa. Filash mai tsarin FAT32 ba ya karɓar fayil guda da ya kai gigabayit 4, sai a mayar da shi exFAT bayan an kwashe abin da ke ciki. TIFF na asali ma iyakarsa ke nan. ImageJ zai ajiye kundin da ya haura haka ya kuma buɗe abinsa lafiya, amma wata manhajar tana iya nuna fallen farko kaɗai, mai karɓa ya ce an turo masa hoto ɗaya. Idan kundin zai fita zuwa wani ɗakin gwaji, a fitar da shi OME-TIFF ta Bio-Formats Exporter, a buɗe shi a wata kwamfutar a ƙirga fallayen kafin a goge na asali.