Za a yi wa yayata aikin sankarar bakin mahaifa, an ce kada a gaya mata

Autar Gida:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema, kuma lokaci ya ƙure. Yayata shekararta 36, 'ya'yanta biyu. Ta daɗe tana ganin jini tsakanin al'ada da kuma bayan saduwa, aka ɗebi tsoka daga bakin mahaifa aka kai gwaji, sakamako ya nuna sankara ce, mataki na farko. Likita ya ce mako mai zuwa za a cire mahaifar gaba ɗaya. Mijinta ne ya karɓo sakamakon, shi da mahaifiyarmu suka yanke a ce mata ƙari ne kawai za a cire, wai idan ta ji sunan ciwon zuciyarta za ta karaya tun ba a shiga da ita ba. Jiya da daddare take ce mini idan ta warke tana son ta ƙara ko da ɗa ɗaya ne. Na kasa haɗa ido da ita. In gaya mata ne? Kuma me ya kamata likita ya bayyana mata kafin ta sa hannu?

Nas ta ɗakin mata:
Wa alaikumus salam ƙanwata, Allah ya ba ta lafiya. Babbar mace mai hankalinta ita ke sa hannu a takardar amincewa, ba mijinta ba, ba uwarta ba, kuma sa hannun da aka yi a kan labarin da ba shi ne gaskiya ba bai zama amincewa ba. Amma kada ke ki ɗauki nauyin faɗa mata ke kaɗai. Ki nemi likitan ya zauna da ita, ke kina gefe.

Maganar haihuwar nan ita ta fi tayar mini da hankali. Idan aka cire mahaifa, ciki ya ƙare har abada. Amma akwai matan da ciwonsu ƙarami ne, bai wuce santimita 2 ba, ake iya cire musu bakin mahaifa kaɗai a bar mahaifar. Ba kowa ya dace da shi ba, ba kuma kowane asibiti ke yi ba, wataƙila yayarki ba ta cikinsu. To amma ita ce ya kamata ta yi tambayar ta ji amsar da kunnenta, kuma yaya za ta tambayi abin da ba ta san yana jiranta ba?

Ta tambaya kuma ko za a bar mata ƙwan haihuwarta. A shekarunta sau da yawa ana iya bari. Idan aka cire duka biyun, al'ada za ta ɗauke nan take, da zafin jiki mai tasowa kwatsam, da gumin dare, da bushewar gaba, ƙashi kuma ya riƙa rauni da tafiyar shekaru. Akwai maganin da ke maye gurbin sinadarin da ƙwan ke samarwa, sai a tattauna ko ya dace da ita.

Wannan aikin ya wuce cire mahaifa na yau da kullum. Ana haɗawa da naman da ke kewaye da bakin mahaifa, da ɗan saman farji, da kaluluwar cikin ƙugu. Shi ya sa mafitsara kan yi kasala bayansa, mace ta zauna da robar fitsari kwanaki, wata har makonni. Ƙafa na iya kumbura daga baya saboda kaluluwar da aka cire. Akwai haɗarin zubar jini har a nemi ƙarin jini, da daskarewar jini a jijiyar ƙafa, wani lokaci kuma a taɓa bututun da ke sauko da fitsari daga ƙoda. Sannan sai abin da aka cire ya dawo daga gwaji za a san ko tana buƙatar gashi (ƙona ciwon da hasken na'ura) da kemo (maganin sankara da ake sawa ta jijiya) a gaba.

Baban Yara:
Hajiya nas, ban ƙi taki ba, amma a yi wa mijin nan adalci. Ba mugunta ce ta sa shi ba, tsoro ne. Na ga wadda tana jin sunan ciwon ta ƙi aikin gaba ɗaya, ta koma gida, sai da abin ya yi nisa aka dawo da ita. Ni da za a bi tawa, a yi aikin tukuna, in ta samu ƙarfi a gaya mata.

Wadda aka yi wa aiki:
Malam, ni aka yi wa, bari in faɗa maka yadda yake daga ciki. Tawa sankarar ƙwan haihuwa ce. Kafin a shiga da ni likitata ta ce ba za ta san iya inda ciwon ya kai ba sai ta buɗe, kuma idan ya kama hanji za ta iya yanke wani sashe, har ma in farka da jakar bayan gida a gefen ciki. Na yi kuka sosai a daren. Da na farka kuwa na tarar da jakar, na san mece ce, na san dalilinta, na kuma san an ce akwai yiwuwar a mayar da hanjin daga baya. Da ban sani ba, ban san irin haukan da zan yi a gadon nan ba.

Kuma mace ba yarinya ba ce. Tana ganin yadda ake yin shiru idan ta shigo ɗaki, tana karanta allon ƙofar sashen da ake kai ta. Idan aka tura ta gashi bayan aiki, me za ku ce mata? Ranar da ta gane, ba za ta ƙara yarda da maganar kowa a gidan ba, alhali a lokacin ne ta fi buƙatar wanda za ta yarda da shi. Masu gudun aiki kuwa, yawancin waɗanda na zauna da su a layin kemo cewa suke an jefa musu maganar a tsaye, babu wanda ya ce musu ciwon na da magani. Mataki na farko fa aka ce, wanda ake sa ran warkewa sosai. Wannan ma labari ne da take da haƙƙin ji.

Autar Gida:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na nuna wa mijinta amsoshinku, ya yi shiru, daga baya ya ce shi bakinsa ba zai iya furtawa ba, amma ba zai hana likita ba. Anti nas, idan ita da kanta ta ce ba ta son jin komai fa?

Nas ta ɗakin mata:
Wannan ma haƙƙinta ne. Likita zai fara da tambayarta me ta fahimta game da ciwonta, da kuma iya abin da take son ji. Idan ta ce a yi bayanin dalla-dalla da ke ko da mijinta, sai a bi, amma ko a hakan dole ta san abin da za a cire da kuma cewa ba za ta ƙara haihuwa ba. Ku nemi zaman nan tun kafin ranar aiki, kada ya zama da safe tana cikin rigar tiyata an riga an sa mata ruwa. Ki tafi da takarda da biro ki rubuta abin da aka faɗa, domin da wuya ta riƙe rabinsa. Ku kuma bar ta ta ɗan keɓe da likitan ko da minti biyar ne, akwai tambayar kwanciyar aure da ba za ta yi a gabanku ba.