Jariri mai kwana 4, nauyi kilo 2: nawa ne gentamicin?

Tambaya daga Sista_PHC:
Assalamu alaikum. Jariri ɗan kwana 4, kilo 2, ya daina kama nono, jiki da zafi, numfashi ya wuce 60 a minti. Ina zargin ƙwayoyin cuta sun shiga jikinsa. Kwalbar gentamicin (allurar kashe ƙwayoyin cuta) da ke hannu ta 80mg cikin 2ml ce. Nawa za a ja, kuma da wane magani za a haɗa?

Likitan_Yara:
Wa alaikumus salam, Sista. A makon farko na haihuwa, jaririn da bai kai kilo 2.5 ba, 3mg ake ba shi kan kowane kilo, sau ɗaya a rana. Mai cikakken nauyi 5mg. Daga mako na 2 zuwa na 4 ne ake kai 7.5mg. Naki 6mg ke nan. A haɗa da allurar ampicillin, shi ma maganin kashe ƙwayoyin cuta ne, 50mg kan kowane kilo, wato 100mg, duk awa 12. In ya wuce kwana 7 da haihuwa a koma duk awa 8. Dalilin tazarar: ƙodar sabon jariri ba ta gama ƙwari ba, magani na daɗewa a jini. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya (WHO) ta 2013 ta ce a yi kwana 7 zuwa 10, sanƙarau kuwa mako 3. Amma wannan yaron na kwanciya asibiti ne. A yi allurar farko, a ɗumama shi a ƙirjin uwa, a tura shi asibiti.

Mai_Haɗa_Magani:
Wurin ja ne ake yin ɓarna. Kwalbar nan 40mg ce a kowane ml. Ki zuba ruwan allura 6ml a kan 2ml ɗin, ya zama 8ml, kowane ml 10mg. Sai ki ja 0.6ml da sirinjin 1ml, a gaban cinya ta gefen waje, ba a ɗuwawu ba. Wanda ya ja 0.6ml bai sirka ba ya ba da 24mg, ninki huɗu, ga haɗarin lalacewar ƙoda da kurumta. A riƙa tambayar uwa ko yana fitsari.

Nas_Ɗakin_Jarirai:
Kada a yi saurin kai hannu ga ceftriaxone, wata allurar kashe ƙwayoyin cuta. In jaririn yana da ciwon shawara, yana ƙara haɗarin ta taɓa ƙwaƙwalwa, kuma ba ya haɗuwa da ruwan da ake ƙarawa ta jijiya mai calcium irin Ringer's. A duba cibiya da fata: in da mugunya ko ƙuraje masu ruwa, cloxacillin ake sa wa a madadin ampicillin.

Likitan_Yara:
In iyaye sun ƙi tafiya, ƙa'idar WHO ta 2015 ta yarda da allurar gentamicin tare da amoxicillin na sha, 50mg kan kilo sau 2 a rana, kwana 7. Banda mai jijjiga ko wanda ya kasa shan komai sam.