Rashin daidaito ko zalunci: wace kalma za mu sa a takardar koke?

Sakatare: Assalamu alaikum iyaye da yayye. Na gama rubuta takardar koken da aka sa ni a kan rabon takin bana, saura sa hannu. A layin farko na ce: "Muna kokawa kan rashin daidaito da aka samu wajen rabon taki tsakanin mazaɓu." Na karanta wa Kawu bayan sallar Asuba, ya ce ba zai sa hannu ba sai an cire wannan kalma. A cewarsa "rashin daidaito" ba Hausa ba ce, ƙera ta aka yi don a wanke mai laifi, kuma abin da aka yi mana sunansa zalunci. Na kawo maganar nan kowa ya tofa albarkacin bakinsa kafin Litinin.

Kawu: Wa alaikumus salam. Haka na faɗa, kuma ina nan a kan bakana. Mahaifina ɗan NEPU ne, a bakinsa na koyi sunayen waɗannan abubuwa. Da aka kafa jam'iyyar a Kano ranar 8 ga Agusta 1950, babu wanda ya hau mumbari ya ce akwai rashin daidaito tsakanin hakimi da talaka. Cewa aka yi zalunci, aka ce danniya, aka ce aikin tilas. Kowace ɗaya tana nuna mutum da yatsa. In ka ce zalunci, dole a tambaya wane ne azzalumin. In ka ce danniya, akwai na sama akwai na ƙasa, kashin dankali ke nan, babba a kan ƙarami. To rashin daidaito fa? Kamar ruwan sama ne ya sauka a gonar wani ya tsallake ta wani. Wa za ka kai ƙara? Takin nan ba iska ce ta ɗauke shi ba, hannu ne ya rubuta sunaye.

Malama: Kawu, a gafarce ni, zan raba maganarka biyu. Cewa ba Hausa ba ce, ban yarda ba. Daidai tamu ce, daga ita muka sami daidaita da daidaito, rashi ma namu ne. Zalunci da adalci su ne ma baƙi, daga Larabci suka shigo, sai dai sun daɗe har sun zama 'yan gida. Inda na bi ka shi ne wajen amfani. Ban taɓa jin tsohuwa a ƙauye ta ce an yi mata rashin daidaito ba. Za ta ce an cuce ta, an ƙware ta, an danne mata haƙƙi, an fi ƙarfinta. Ni a labaran rediyo da takardun ƙungiyoyi na fi jin "rashin daidaito".

Amma a sake duba jimlar Sakatare. Abin da ya ɓoye mai laifi shi ne "da aka samu". Ko da ya rubuta "an zalunce mu", wannan "an" ɗin ba ta faɗi kowa ba. Mu Hausawa muna da gwanintar fakewa a bayan "an" da "aka", an ce, an yi, an kwashe. Za a iya cika takarda da zalunci tun daga sama har ƙasa ba a ambaci ofishi ko ɗaya ba.

Liman: Bismillah. Ni abin da nake jin tsoro shi ne nauyin kalmar. Malaman lugga sun ce zalunci shi ne ajiye abu a inda ba muhallinsa ba. A hadisin ƙudusi da Muslim ya ruwaito daga Abu Zarri, Allah ya ce ya haramta wa kansa zalunci, ya kuma sanya shi haramun a tsakaninmu. Wanda ka kira azzalumi, ka yi ƙararsa ne a gaban Allah, za a kuma nemi hujjarka. Mun ga wata mazaɓa ta fi mu samu. Mun san dalili? Ƙila manomansu sun fi yawa a rajista, ƙila son zuciya ne. Sannan ba kowane bambanci ne zalunci ba. A Suratun Nahli aya ta 71 an ce Allah ya fifita sashenku a kan sashe a arziki. Ku dubi zakka ma: mai shanu 30 zai fitar da ɗan maraƙi, mai 29 ba komai a kansa. Ba a daidaita su ba, kuma adalci ne tsantsa. Adalci shi ne a ba kowa haƙƙinsa, wani lokaci ya zo daidai wa daida, wani lokaci ba haka ba.

Kawu: Allah ya gafarta Malam, ayar gaskiya ce, ba mai ja da ita. Amma da ita aka daɗe ana rufe wa talaka baki. In ya ce an ƙwace gonarsa a ce yatsun hannu ma ba ɗaya ba ne, ya yi haƙuri. Yatsu Allah ne ya halicce su haka. Jerin sunayen taki wa ya halicce shi? Kuma Alƙur'anin nan a Suratul Hashri aya ta 7 ya faɗi dalilin raba dukiyar fai'i, wato wadda aka samu daga abokan gaba ba tare da yaƙi ba: don kada ta zama tana zagayawa tsakanin mawadata kaɗai. Shehu Usmanu a Kitabul Farƙi bai ce sarakunan zamaninsa sun sami rashin daidaito ba, lissafa abubuwan da suke karɓa ya yi da sunayensu na Hausa, irin su jangali da gaisuwa. Haraji da jangalin nan sai da PRP ta ci Kano da Kaduna a 1979, Abubakar Rimi da Balarabe Musa suka soke su. Ina cikin waɗanda suka yi murna a kan titi. Da sunansa na gaskiya aka yi ta kiran abin har ya faɗi.

Liman: Alhaji, ban ce a rufe bakin kowa ba, kuma malamin da ya karanta wa wanda aka ƙwace wa gona wannan aya ya ajiye ta a inda ba muhallinta ba. Shehu ya lissafa abin da ya tabbatar. Mu ma mu tabbatar, sannan mu kira sunan. In ta bayyana an cire sunayen manoma an sa na waɗanda ba su da ko kadada ɗaya, ni zan fara faɗin zalunci a huɗubar Juma'a.

Hajiya: Ku maza kun tafi Larabci da siyasa kun bar kalmar da ke cikin gida. Mu a nan cewa muke an mai da mu 'yan bora. Kowa ya san bora da mowa. Bora matar aure ce, sadaki aka biya aka kawo ta, tana da kwana tana da girki kamar mowa. Ba a sake ta ba, ba a kuma riƙe ta da daraja ba. In atamfa ta zo mowa ce ke zaɓe, ita a miƙa mata saura, 'ya'yanta su tashi suna kallon 'yan ɗakin can suna cin mai kyau. Malam ya fi ni sanin ayar da ke Suratun Nisa'i, wadda ta hana miji karkata gaba ɗaya ya bar ɗaya kamar ratayayya. Haka muke a ƙaramar hukumar nan. Ranar zaɓe ana sane da mu, akwatinmu ana ƙirga shi, ranar rabo sai a tuna da 'yan mowa. Wanda ya ce shi ɗan bora ne yana cewa ne gidan nan nasa ne, uban ma nasa ne. Wannan ne nake so takardar ta faɗa, mu ba baƙi ba ne masu roƙon alfarma.

Malama: Hajiya ta taɓo abin da ya fi komai burge ni a harshen nan. Kalmomin ba hanya ɗaya suke kallo ba. Danniya daga sama take zuwa. Wariya gefe take turawa, shi ya sa muke cewa saniyar ware, wadda aka fitar daga garke, shi ya sa kuma aka kira mulkin Afirka ta Kudu na 1948 zuwa 1994 wariyar launin fata, don raba unguwa da makaranta da wurin zama aka yi da doka. Ƙwara a ciniki da rabo take, inda aka rage maka mudu. Son kai da son zuciya suna bayyana abin da ke ran mai rabon. Shafaffu da mai kuma sunan waɗanda suka amfana ne. Bora ita ce wadda tana ciki amma ba ta da gata. In muka zuba duka a buhu ɗaya muka rubuta zalunci a jiki, mun yi asarar wannan bambancin, kamar yadda za mu yi asararsa in muka rubuta rashin daidaito.

Ɗan Maraɗi: Ni baƙo ne a ƙungiyar, amma tunda a kasuwarku nake sayen hatsi bari in ce wani abu. Mu ma a Nijar mun yi jam'iyyar Sawaba ta Djibo Bakary, wadda ta ce a'a a ƙuri'ar raba gardama ta 1958, aka haramta ta a 1959. Ku kuna da Gambo Sawaba. Mutanen nan sun san zalunci sarai, amma da suka tashi raɗa suna sai suka ɗauki abin da suke nema. Takardarku ta faɗi abin da kuke so a yi, a sake rabo ko a cike muku, kada ta tsaya a sunan ciwo.

Lauya: Baba Kawu, ina tare da kai a zuciya, amma takarda ce za ta shiga ofis a buga mata hatimi. In muka rubuta wane azzalumi ne ba shaida a hannu, shi zai juya ya ce mun ɓata masa suna, maganar taki ta koma gefe. Akwai kalmar da doka ta sani. Sashe na 42 na tsarin mulkin 1999 ya hana a nuna wa ɗan ƙasa bambanci a aikin gwamnati saboda al'ummar da ya fito, ko ƙabila, ko asali, ko jinsi, ko addini, ko ra'ayin siyasa. Ku lura da ta ƙarshe. Kowa a nan yana raɗe-raɗin cewa an rage mana ne don akwatinmu bai bi inda ake so ba. In haka ne, sunan abin nuna bambanci, kuma ya fi zalunci kama wuya a gaban hukuma, don akwai sashen da za a buɗe a karanta musu.

Auta: Ni ne ƙarami, a yi mini afuwa. Ina ganin kalmar da Kawu ya ƙi tana da aikin da sauran ba za su iya ba. A 2022 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce mutum miliyan 133 ke cikin talauci mai fuskoki da yawa, wato na rashin makaranta da asibiti da ruwa da sauransu, kuma kashi 65 cikin ɗari nasu a Arewa suke. A Sakkwato kashi 91 ne na jama'a, a Ondo kashi 27. Wannan tazarar wa za a kama a ce shi ya yi ta? Ta taru ne shekara da shekaru. Yarinyar da aka haifa a ƙauyen da ba sakandare ta riga ta fara a baya, ko da ba wanda ya taɓa cin zalinta ido da ido. Rashin daidaito ana auna shi, a dawo bayan shekara biyar a ga ya ragu ko ya ƙaru.

Kawu: Auta, ka yi magana mai kyau, Allah ya yi maka albarka. Amma ƙauyen da ba sakandare, an taɓa ware kuɗin gina ta ko ba a taɓa ba? In an ware, wani ya ci. In ba a ware ba, wasu sun zauna sun ga bai dace a ware ba. Masu laifin sun yi yawa ne, wasu sun mutu, shi ya sa kake ganin kamar babu kowa. Ka auna da kalmarka, na yarda tana awo. In ka gama awon ka dawo ka tambaya wa ya riƙe mudun.

Auta: Na karɓa Kawu. Sai dai in ba a auna ba, mai mudun zai ce ƙarya ake masa.

Sakatare: To ga abin da na fitar daga maganganunku. Layin farko zai koma haka: "Mu manoman wannan mazaɓa muna ƙorafin cewa kwamitin rabon taki ya nuna mana bambanci, ya ba mu ƙasa da abin da yawan manomanmu na rajista ya cancanta. Muna neman a fito da jerin sunayen waɗanda aka ba a kowace mazaɓa, a kuma cike mana haƙƙinmu kafin lokacin zuba taki ya wuce." Na cire "da aka samu" kamar yadda Malama ta nuna, na sa kwamiti a matsayin mai aikin. Maganar Hajiya ta cewa haƙƙi muke nema ba alfarma ba ta shiga sakin layi na biyu.

Hajiya: Ka bar "'yan bora" a ciki ko sau ɗaya ne, ɗana. Su ma a gidajen Hausawa suka tashi, za su gane.

Lauya: Ba ta da illa a doka, Hajiya. A sa ta a sakin layi na biyun.

Kawu: Zan sa hannu, tunda an ambaci kwamiti. Amma ranar da za a kai takardar ina cikin tawaga, kuma in aka ba ni dama zan ce zalunci da bakina, ni zan ɗauki nauyinta. Malam, in jerin sunayen ya fito kamar yadda nake zato, ina sahun gaba ranar Juma'a.

Liman: In ya fito haka za ka ji, Alhaji. Sakatare, ka haɗa da kwafin rajistar manomanmu ta bara, tana hannun Sarkin Noma.

Sakatare: To Malam, zan biya wurinsa da yamma. Gobe bayan Azahar zan zaga da takardar, in fara da gidan Kawu.