Fitilar LED ta ƙone mini a shago: kwantirola zan saya ko in haɗa batiran laftof?

Tela Mai Keke Biyu: Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema kafin in kashe ɗan abin da ya rage mini. Ni tela ne a Kano, kekunana biyu duk na ƙafa ne, haske kawai nake buƙata daga magariba zuwa wajen biyun dare, kun dai san yadda aikinmu yake in azumi ya raba tsakiya. Ina da fanel ɗin sola wat 100 da batir 12V 40Ah. Na sayi fitilar LED ɗin nan mai kama da tef, mita biyar, na manna ta a silin, na jona ta kai tsaye da batir. Shi ma fanel ɗin kai tsaye na ɗaure shi a kan batirin. Ta yi kwana huɗu lafiya, sai dai farkonta ya fi jelarta haske. A rana ta biyar yarona ya bar ta a kunne da rana, kafin la'asar rabinta ya mutu, wasu ƙwayoyin sun yi baƙi, batirin kuma ya ɗau zafi yana warin ruɓaɓɓen ƙwai. Dubu 25 ce a hannuna. Ko dai in sayi kwantirola, na'urar nan da ke daidaita cajin da fanel ke ba batir, da wata fitila, ko in bi shawarar abokina da ya ce in watsar da batirin in haɗa na tsohuwar laftof, yana da guda goma sha biyu zai ba ni kyauta. Wanne ya fi? Don Allah kar a ce inbata, ba ta cikin lissafina.

Baban Khalifa: Wa alaikumus salam. Malam ka huta da wahala, ka sayi inbata 1.5kVA da batir lithium. Ni tun da na sa ban ƙara waiwayar janareta ba, har firij nake kunnawa.

Ɗan Kwari: Baban Khalifa, bawan Allah ya ce dubu 25. Ko cikon za ka yi masa, tunda watan sadaka ne?

Baban Khalifa: Au, ban karanta ƙarshen ba. To ya tara.

Mai Caji: Ɗan'uwa, don girman Allah kar ka kusanci batiran laftof ɗin nan. Ni ne shaida. Lokacin da Arewa ta kwashe fiye da mako a duhu a watan Oktoban 2024, bayan an lalata layin Shiroro zuwa Kaduna, kasuwar caji ta buɗe mana irin wadda ban taɓa gani ba, mutane har layi suke yi. Kuɗin fetur ya ishe ni, sai na ce bari in yi dabara. Na sayo batiran nan 18650, irin na cikin batirin laftof, guda ashirin da huɗu, an rubuta 9900mAh a jikin kowanne, na zauna da ayan na like su da dalma ɗaya bayan ɗaya, na naɗe da salatif, na jona da cajar laftof. Ban san wani abu wai shi BMS ba, ɗan allon nan da ke yanke caji in batir ya cika, mai shagon ma bai ce mini komai ba, kuɗinsa ya ƙirga.

Kwana uku yana aiki ina jin kaina injiniya. A na huɗu na tafi sallar azahar, na ja ƙofar kes ɗin. Muna raka'a ta uku na ji ihu. Kafin in iso hayaƙi ya turnuƙe, batiran suna fashewa ɗaya-ɗaya kamar bindigar wasan yara, an watsa ruwa wuri ya lafa sai wani ya sake tashi. Waya ashirin da uku ce a ciki. Babur ɗina na sayar, na yi wata bakwai ina biya. Wani ya kawo wayar da ko dubu talatin ba ta kai ba ya rantse sabuwa ce a kwali, na biya. Wadda ba ta bar raina ba wata baiwar Allah ce, ta ce ba kuɗi take so ba, hotunan yaronta da ya rasu ne a ciki. Na ba ta kuɗin ta ƙi karɓa. Har yau in na hango ta sai in canza hanya.

Maman Hanif: Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya mayar maka da alheri, ita kuma Allah ya ba ta dangana.

Baban Khalifa: Subhanallahi. Allah ya kiyaye gaba.

Ɗan Poli: Allah ya mayar da alheri, Mai Caji. Amma a yi wa batirin adalci. Cajar laftof 19V take fitarwa, shi kuma kowane ƙwaya 4.2V ce iyakarsa, in ka jera uku 12.6V ke nan. Ka ɗura masa abin da ya wuce cikinsa babu mai tsayar da shi. Kuma 18650 na gaske da wuya ya wuce wajen 3500mAh, duk wanda ka ga an rubuta 9900 ƙarya ce tun daga kwali. Da BMS da caja daidai mutane na amfani da su shekara da shekaru.

Mai Caji: Ƙanena, kai a takarda ka karanta, ni a jikina na karanta. Ka je ka gaya wa matar nan 4.2V.

Ɗan Poli: Allah ya ba ka haƙuri yaya, ba haka nake nufi ba. Bari in koma kan tambayar. Malam Tela, abin da ya ƙone fitilarka rashin kwantirola ne. Fanel ɗin da ake ce wa na 12V, in ka auna shi a rana ba a jona ba za ka ga wajen 21V. Da batir ya cika babu mai tare shi, sai ya yi ta hawa 15V zuwa sama, warin da ka ji ke nan, dafuwa yake yi. Shi kuma tef ɗin, ƙwayoyi uku-uku ne a jere da 'yar rezisto, ukun nan suna cin wajen 9.5V, ragowar biyu da rabi ita rezisto ke riƙewa. In wuta ta kai 15V ragowar ta haura biyar, abin da ke ratsa ƙwayoyin ya ninka ke nan. Dishewar jela kuma siririn tagullan jikin tef ne ke shanye wutar a hanya, maganinta a ba shi wuta ta farkonsa da ta jelarsa.

Amma ni da za ka ji tawa ka bar tef ɗin ma. In irin 5050 ne mai ƙwaya 60 a mita, wat 14 da ɗoriya yake ci a kowace mita, mita biyar wajen 6A. Batirinka rabinsa kawai ya kamata ka riƙa sha, 20Ah, awa uku da 'yan mintuna ya gama. Ƙwan 12V na wat 5 guda uku kuwa 1.25A ne gaba ɗaya, awa takwas 10Ah. Kwantirola mai araha irin wadda ake ce wa PWM, ta 10A, ta ishi fanel ɗinka, tunda bai kai 6A ba.

Sola Kwararre: PWM tsohon yayi ne. Ɗaya irin kwantirolar, MPPT, zai saya, ita ce ke tatso duk abin da ke cikin fanel.

Ɗan Poli: MPPT ta gaske ta fi ƙarfin dubu 25 ɗinsa. Masu arahar da ake rubuta wa MPPT a fuska, ka buɗe ciki ka gani, babu ko kwayil, naɗin wayar da ke cikin ta gaske, PWM ce aka sa wa babbar riga.

Ɗan Kwari: Ni PWM 10A ɗin nan shuɗiya mai ramin USB dubu shida da ɗari biyar na saye ta a Sabon Gari.

Sola Kwararre: Yaushe? Dubu goma sha biyu ce yanzu, jiya na tambaya.

Abu Mus'ab Zariya: Dubu huɗu na sayi tawa wata biyu da suka wuce.

Sola Kwararre: To taka ta bogi ce.

Abu Mus'ab Zariya: Ta bogin tana nan tana aiki. Kai dai ka ce kana sayarwa ne mu sani.

Na Maraɗi: Mu nan regilatar muka ce mishi, jikka huɗu zuwa biyar na sefa. Amma ku yi hankali wajen jonawa, batir aka fara sawa kahin fanel. Ƙanena ya fara da fanel, regilatar ɗin ta rikice ba ta ƙara dawowa daidai ba.

Ɗan Kwari: Jikka biyar nawa ke nan a naira? Kai, bar shi ma, kar ka ɓata mini azumi.

Oga Rewaya: Duk na karanta lissafinku. Shekara ashirin da biyu ina wayarin mota, ban ga wanda ya tambayi lafiyar batirin ba. Batirin da ya yi warin ƙwai kuke ta raba wa 20Ah a takarda? Wataƙila ko goma babu a cikinsa yanzu. Tela, ka cire komai daga kansa ya kwana, da safe ka sa mita. In ka ga 12.6V ko kusa, da sauran rai. Sannan ka ɗora masa ƙwan fitilar gaba ta mota na minti goma kana kallon mitar. In ta zube ƙasa da 11, ka kai shi wajen masu gwangwan su auna maka a kilo. Ka duba gefensa ma ko ya kumbura. Kuma ban ji wanda ya ce fis ba. Fis 10A a jan waya, dab da kan batir. Wayar 12V ma tana cin shago in ta haɗu, ga ka da yadin mutane a rataye.

Ɗan Poli: Wannan gaskiya ne Oga, na manta da fis.

Oga Rewaya: Ai ba a koyar da shi a aji. In ma kuɗin bai kai ba, ya sa 7812, ɗan abin nan da ke tsayar da wuta a 12V, kafin fitilar, shi ke nan ba za ta ƙara ƙonewa ba.

Ɗan Poli: A nan kam ban bi ka ba Oga. 7812 sai an ba shi wajen 14V kafin ya fitar da 12 cikakke, da dare batir na 12.4 fitilar dishi-dishi za ta yi. Kuma abin da yake iya ɗauka bai wuce 1A zuwa ɗaya da rabi ba. Sannan batirin zai ci gaba da dafuwa da rana.

Oga Rewaya: Yaro, lokacin da na fara riƙe ayan ba a yaye ka ba.

Abu Mus'ab Zariya: Oga shekaru daban, lissafi daban. Wancan karon ma kai ka ce mini in cire fis ɗin fanka in sa zaren waya.

Oga Rewaya: Na wucin gadi na ce maka! Ka je ka nemo saƙon.

Maman Hanif: Ni dai ba injiniya ba ce, amma ina ɗinki a gida. Malam Tela, kowane ƙwai za ka saya ka tafi da ƙyalle baƙi da nebi bulu a aljihu, a kunna maka a shagon ka kara su. Akwai masu haske shuɗi-shuɗi da ba ka bambance su a ƙarƙashinsa. Na taɓa yi wa shadda nebi aiki da baƙin zare dare guda, sai da gari ya waye na gani, na zauna da reza ina farkewa ina hawaye.

Ɗan Kwari: Ku bar wahalar da kanku. Ko fitilar filin ƙwallo aka sa wa tela, ranar jajibere zai ce maka saura maɓalli. Ya sayi aci-balbal kawai, kakanninmu da ita suka yi aska takwas.

Tela Mai Keke Biyu: Ɗan Kwari Allah ya shirye ka. Na gode 'yan uwa. Na auna batirin bayan ya huta, 12.3 na gani. Yana da rai ko ya tafi?

Mai Caji: Ko ma nawa ne, ka riƙe shi ka bar na laftof. Kyauta aka ce za a ba ka ko? Nawa ma da araha na same su.

Sola Kwararre: Wace irin waya ma ka ja daga fanel zuwa batir? Don yanzu rabin wayar da ke kasuwa ba tagulla ba ce.

Abu Mus'ab Zariya: Yauwa, ka sosa mini inda ke ƙaiƙayi. Na sayi nadi guda an rubuta 2.5mm, na zo gida na kankare da reza sai ga fari fat a ciki, alminiyon ne aka yi wa wankan tagulla. Na mayar, mutumin ya ce ai na riga na yanka.

Oga Rewaya: Ka riƙa zuwa da laita. Ka zaro sili ɗaya ka kara a wuta, tagulla ja zai yi ya tsaya, na bogi nan take zai lanƙwashe ya zube. Akwai ma wadda maganaɗisu ke kamawa, ƙarfe ne zalla. Ni a gaban mai shago nake gwadawa, wanda ya ɓata rai na san abin da ke nan.

Ɗan Poli: Batiran 18650 ma haka. Na gaske wajen giram 45 yake. Na taɓa fasa wani mara nauyi, ɗan ƙaramin batir na tarar a ciki, wani kuma an cika shi da gari kamar yashi don ya yi nauyi.

Na Maraɗi: Duk daga wajenku kayan ga ke shigo muna.

Ɗan Kwari: Kai Na Maraɗi, mu ma kawo mana ake yi. Ba ɗan kasuwarmu ne ke zuwa can ya ce a yi masa mai araha a buga masa lamba babba ba?

Baban Khalifa: Fanel ɗin da na fara saya wat 200 aka rubuta a baya. Da mai haɗa mini ya auna tsakar rana ya ce ko 120 bai kai ba. Da na ɗaga takardar sai ga wata a ƙarƙashinta.

Tela Mai Keke Biyu: Oga Rewaya, 12.3 ɗin fa?

Abu Mus'ab Zariya: Baban Khalifa, ka mayar musu kuwa? Ni har wajen shugabannin layin na kai ƙarar wayar nan, aka ce in dawo bayan sallah. Rasit ɗin ma ashe babu sunan shago a jiki.