Kibod ko allon madannai: wace kalma za mu tsayar?

Makon jiya shayi ya zube a kan kwamfutata ta tafi-da-gidanka, kuma bayan Allah ya sa ta tsira sai na zauna domin in rubuta wa ɗalibaina abin da ake yi idan haka ta faru, amma na tsaya cik tun a layin farko, saboda ban san sunan da zan kira wurin da shayin ya zuba ba, wato wurin da ake danna haruffa. Masu gyara a kasuwa kibod suke cewa, kuma ban ga laifin wannan a baki ba, tunda haka muka ari tebur da bokiti. Sai dai a rubuce ina son kalmar da za ta bayyana kanta ga wanda bai taɓa jin Turanci ba.

Abokan aiki sun kawo mini shawarwari. Wasu sun ce allon rubutu, wanda ni ban gamsu da shi ba, domin allo a wurinmu shi ne abin da rubutu yake fitowa a kansa a karanta, kamar na makarantar allo ko na aji. Idan aka ce wa mutum ya goge allon rubutu, fuskar kwamfutar zai goge, ya bar shayi yana tsiyaya cikin inji. Wasu sun ce faifan maɓalli, alhali maɓalli na riga ne, faifai kuma ya riga ya zama sunan na waƙa da na bidiyo. Makullai kuwa kwaikwayon Turanci ne kawai, babu abin da ake kullewa.

Abin da na zaɓa shi ne madanni, jam'insa madannai. Ginin kalmar namu ne: kamar yadda buɗe ya haifi mabuɗi, tsefe ya haifi matsefi, haka danna ya haifi madanni. Idan aka ce allon madannai, kalma ta biyu ta kawar da ruɗanin da ke cikin ta farko.

Na gwada ta a cikin bayanin, kuma ta zauna daram. A kashe kwamfutar nan take ta hanyar danne madannin kunnawa, a zare caja, a cire batir idan mai ciruwa ne, sannan a kife ta a buɗe a kan tawul domin ruwan ya fito ta allon madannai maimakon ya gangara ciki, inda zai haɗa layukan wuta. A bar ta aƙalla awa 48 ba a kunna ba, kuma kada a busa mata iska mai zafi. Ruwa zalla yana bushewa, amma sukarin shayi ko zoɓo yana zama, shi ne yake sa madannai su yi danƙo, daga baya kuma ya ci ƙarfen da ke ƙasa.

A nan ne kalmar ta ƙara burge ni, domin tana karɓar ƙari. Robar da harafi yake kanta sai mu ce hular madanni, ƴan sandunan da ke ƙarƙashinta, waɗanda suka gitta juna suna ɗaga ta, mu ce almakashin madanni. Almakashin nan yana da saurin karyewa, saboda haka a ɗaga hular a hankali daga gefe.

Saura abin gogewa. Kada a rubuta barasa ko giya, duk da cewa haka ƙamus zai bayar ga kalmar Turanci alcohol, domin ba abin sha ake nufi ba. Sifirit muke cewa, kuma wanda ya dace shi ne aisofirofil mai ƙarfin kashi 90 cikin 100 ko fiye, saboda yana bushewa da sauri. A ɗiga shi a kan auduga a goge ƙarƙashin hular, kada a tsiyaya shi kai tsaye a kan allon madannai.