Wai wa ya taɓa shan romon dutse?

Ɗan Gangare:
Salamu alaikum jama'a. Jiya a huɗubar Juma'a limaminmu ya yi magana kan tsadar rayuwa, ya ƙarƙare da cewa mai haƙuri shi ke dafa dutse har ya sha romonsa. Ana sallamewa, muna neman takalma a bakin ƙofa, sai wani dattijo ya ce da ƙarfi, "To Malam ya fara gaya mana inda za mu samo icen." Nan musu ya kaure. Wasu suka ce ya yi wa liman rashin kunya, wasu suka ce bakinsu ya ara ya ci musu albasa. Sai da aka janye mutum biyu. Ni tambayata ita ce, wannan magana ƙarfafa gwiwa ce ko toshe wa talaka baki? Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023 ba abin da kunnenmu ke ji sai a yi haƙuri. Litar da muke saye ƙasa da naira 200, kafin 2024 ta ƙare ta haura 1,000.

Mai Keke na Zololo:
Da dutse na dahuwa da mutumin Jos bai san yunwa ba. Daga Dogon Dutse har Shere abinci ne zube. Na Riyom ma an riga an ɗora su kan murhu, wuta kawai ake jira.

Baban Khalifa:
Da kuɗin gas ɗin da zai dafa dutse ai gara ka wuce 'Yan Shanu ka sayi ƙafar sa. Ita ma sai ta kwana a wuta, amma dai ka san inda za a ƙare.

Malamin Rikkos:
Ku bar raha tukuna. Liman bai yi kuskure ba. Malamai sun kasa haƙuri gida uku: haƙuri kan yi wa Allah biyayya, haƙurin barin saɓo, da haƙuri kan abin da aka ƙaddara. Babu inda aka ce na huɗu shi ne ka naɗe hannu ana cutarka. Kuma ku lura, mai dafa dutse ba a zaune yake ba. Shi ke neman ice, shi ke hura wuta, shi ke ƙara ruwa in ya ƙone. Aiki yake yi wanda kowa ya ce ba zai yiwu ba. Ni haka na fahimce ta tun ina yaro.

Uwar Biyu:
Allah gafarta Malam, haka kuka fahimce ta ku maza. Mu kuwa an fi jefa mana ita ranar da muka yi yaji. Ka je gida da kumburarren ido, kafin ka zauna Goggo ta ce mai haƙuri shi ke dafa dutse, a sa ƙaninka ya rako ka ɗakinka. Ban taɓa jin an kira mijin an ce shi ma ya ɗora nasa dutsen ba.

Malamin Rikkos:
Hajiya wannan laifin masu faɗa ne, ba laifin maganar ba.

Uwar Biyu:
To ai wuƙa ma ba ta da laifi, Malam.

Jikar Iya:
Ku ba ni wuri, don ni a gidanmu an taɓa dafa shi da gaske.

Kakata ta wajen uwa, Iya muke ce mata, daga ƙasar Ningi aka kawo ta aure. Mijinta lebura ne a haƙar kuza wajen Bukuru, ita ma ta ɗauki kwanon sarki a ka, tana kwasar ƙasa daga rami zuwa wurin wanki, ana biyanta a ƙarshen mako. Da kasuwar kuza ta duniya ta rushe a 1985 aiki ya tsaya cak, aka bar mutane da tafkunan da har yau suke cin yara. Ba a jima ba kakanmu ya kwanta ciwon ƙirji, Allah ya yi masa rasuwa. Ya bar mata yara ƙanana, mahaifiyata ce babba, ita ma ba ta isa aure ba.

Mama ta ce akwai wani dare cikin hunturu, irin sanyin Jos na da wanda ruwan randa ke gagarar hannu, babu ko ƙwayar masara a gidan. Ƙananan suna ta kuka. Iya ta fita bayan gida ta dawo da abu a ƙunshe cikin zani, ta sa a tukunya, ta zuba ruwa, ta rufe, ta hura wuta da karan masara. Ta ce musu naman tsohuwar saniya aka ba ta sadaka, ba ya dahuwa da wuri, kowa ya kwanta, in ya yi za ta tashe shi. Duk wanda ya ɗaga kai sai ta buɗe murfin, ta juya da ludayi a ji ƙwaras-ƙwaras, ta ce saura kaɗan. Mama ita ta gane, don ta ga ba a sa gishiri ba. Amma ta yi shiru, har ta taya ta lallashin autan.

Abin da Iya ba ta sani ba, maƙwabciyarta, wata Birom da katangar kara ce kawai ta raba su, tana ganin hayaƙi tun magariba har tsakar dare, amma ba ta ji ƙamshin komai ba. Da asuba sai ga ta da ƙwarya cike da acca da ganyen yakuwa da ɗan gishiri a takarda. Ba ta tambayi komai ba. Ta ce wai ta yi baƙi ne ba su zo ba. A tukunyar nan aka yi gwate, bayan Iya ta faki ido ta jefar da dutsen.

Matar ce kuma ta riƙa tafiya da ita kalar dankali a gonakin danginta bayan an yi haƙa. Da abin da take tsintowa Iya ta fara kasawa a bakin hanya, daga nan ta koma cikin gari, a hankali har ta samu teburin kayan miya a babbar kasuwar Taminus. Da shi ta aurar da 'ya'yanta mata. Sai gobarar Fabrairun 2002 ta cinye kasuwar. Mama ta ce washegari mutane na tsaye suna kallon hayaƙi suna salati, Iya kuwa ta ari faranti ta je Farin Gada ta karɓo tumatir bashi ta zauna gefen titin Ahmadu Bello. 'Yan kwana-kwana ba su gama tafiya ba ta fara ciniki.

Amma ga abin da ya sa na kawo labarin. Iya ta tsani a ce mata ta yi haƙuri. Duk wanda ya zo jaje ya faɗa mata haka, sai ta kalli hannunsa. In da ɗan abu a ciki ta ce Allah ya yi albarka. In babu ta ce, "Na gode, ina da shi da yawa a ɗaki, ko in ɗebo maka?" Kuma ba ta taɓa ba da labarin daren nan da bakinta ba. Sau ɗaya na tambaye ta, ta ce in tashi in ba ta wuri, wa ya ce min abin alfahari ne uwa ta yi wa 'ya'yanta ƙarya.

Ɗan Gangare:
Allahu akbar. Allah ya jiƙan Iya, ya sa aljanna ce makoma.

Uwar Biyu:
Amin. Kin sa ni hawaye a shago, mai sayen atamfa na kallona. Amma kun gani ko? Dutsen bai dahu ba. Maƙwabciya ce ta kawo acca.

Malamin Rikkos:
Da ba ta hura wutar ba, wa zai ga hayaƙin? Ta hanyar haƙurin nata Allah ya turo matar. Romon ke nan.

Uwar Biyu:
Da matar ta yi barci da wuri fa?

Malamin Rikkos:
Hajiya "da" tana buɗe ƙofar shaiɗan. Amma labarin ya tuna min da na Sayyidina Umar, lokacin da yake zagayen dare da bawansa Aslam ya tarar da mace ta ɗora tukunya yara na kuka. Wasu ruwayoyin sun ce ruwa ne zalla a ciki, wasu sun ce har da tsakuwa. Ba ta san shi ba ne, ta ce Allah zai yi hukunci tsakaninsu da Umar. Bai ce mata ta yi haƙuri ba. Ya koma baitulmali ya saɓo buhun gari da kitse a bayansa. Aslam ya ce ya kawo ya ɗaukar masa, ya ce za ka ɗaukar min nauyina ranar ƙiyama? Da kansa ya hura wutar har hayaƙi na ratsa gemunsa.

Mai Keke na Zololo:
Namu ma yana saɓo buhu Malam, kar a zalunce shi. Duk bayan shekara huɗu. Da hotonsa a jiki, da mai kyamara a gaba.

Baban Khalifa:
Buhu? Kai unguwarku ta ci gaba. Mu taliya biyu da sabulu aka ba mu, aka ce mu yi rantsuwa.

Mai Keke na Zololo:
Wancan na Abuja da ya ce mu ƙara ɗaure ciki, ka ga nasa cikin kuwa? Babbar riga ma ta gaji da rufa masa asiri.

Ɗan Tudun Wada:
Sannunku 'yan'uwa. Mu ma a coci ranar Lahadi haƙurin Ayuba ake ta kawo mana. Na ce wa wani dattijonmu, Baba a karanta littafin har ƙarshe mana, Ayuba ya yi kuka, ya yi tambaya, abokansa da suka zo da dogon wa'azi su aka tsawata wa. Jikar Iya, ina matar nan ta Bukuru yanzu? Iya ta sake ganinta?

Jikar Iya:
Sun daɗe suna zumunci, Yaya. Iya na aika mata naman layya, ita kuma ta aiko da shinkafar Kirsimeti. Bayan rikicin 7 ga Satumba 2001 zuwan ya ragu, bayan na 2008 da na Janairun 2010 ya yanke gaba ɗaya, kowa ya koma cikin nasa. Labarin rasuwarta ma a bakin wata mai kawo kabeji Farin Gada Iya ta ji, bayan an yi wata da binnewa. Ranar ba ta fita kasuwa ba.

Ɗan Tudun Wada:
Kai. Allah ya kyauta. Shi ya sa abin da aka yi a zanga-zangar Agustan 2024 a mahadar Old Airport ya tsaya min a rai, Musulmi na sallah Kirista na tsaye suna gadi. Yunwa ta yi abin da taron sulhu ya kasa.

Sarkin Kallo:
Ni in ana maganar dafa dutse Mikel nake tunawa, ɗan garin nan, tsohon ɗan Plateau United. A gasar duniya ta 2018 a Rasha, saura 'yan awoyi a buga da Ajantina aka kira shi aka ce an sace mahaifinsa, kuma in ya faɗa wa kowa za a kashe shi. Ya yi shiru, ya ɗaura kambun kyaftin ya buga wasan har ƙarshe. Karo na biyu ke nan, an taɓa ɗauke tsohon a nan Jos a 2011.

Baban Khalifa:
Kuma aka ci mu 2 da 1. Ina romon?

Sarkin Kallo:
An ceto mahaifinsa da rai, wane romo kake nema? Ga Ahmed Musa ma, maraya ne ya tashi a hannun uwa, daga filayen Bukuru zuwa ƙungiyar ƙwallon JUTH ta nan Jos zuwa Kano Pillars har Leicester. Biyu ya zura wa Ajantina a 2014, biyu ya zura wa Iceland a 2018.

Uwar Biyu:
Yaran da suka buga ƙwallo tare da shi a filin nan ba takalmi, su nawa ne? Suna ina? Ko su ba su yi haƙuri ba? Wanda ya sha romo shi ake kira a yi hira da shi. Sauran suna tuƙa keke.

Mai Keke na Zololo:
Hajiya a yi mana a hankali, ni ma lamba tara na buga.

'Yar Anguwan Rogo:
Abin da ke ba ni haushi 'yan fim da 'yan TikTok. Mutum ya jingina da motar da ko hayarta ya yi, ya rubuta bayan wuya sai daɗi, ƙannenmu su kwana suna ganin kansu a banza. Amma Rahama Sadau kam na sara mata. A 2016 ƙungiyar masu shirya fim ta MOPPAN ta kore ta daga Kannywood kan bidiyon waƙa da wani mawaƙin nan Jos, kowa ya ce ta ƙare. Ta ba da haƙuri, ta je ta yi karatunta a Cyprus, ta shiga finafinan kudu, ga ta nan har yau.

Baban Khalifa:
Wannan ba haƙuri ba ne ƙanwata, taurin kai ne.

'Yar Anguwan Rogo:
To Iya da ta ɗauki faranti kasuwa na ci da wuta, mene ne sunan nata?

Malamin Rikkos:
Don Allah kar a haɗa baiwar Allah da ta ciyar da marayu da maganar rawa da waƙa.

'Yar Anguwan Rogo:
Allah ya ba da haƙuri Malam. Au, na manta, Iya ta hana.

Ɗan Gangare:
Jama'a har yanzu ba wanda ya ce min liman ne da gaskiya ko dattijon.

Mai Keke na Zololo:
Ka tambayi Taminus. Shekara ashirin da ɗoriya tana kan wuta, duk wanda ya zo neman ƙuri'a sai ya ɗaga murfi ya ce saura kaɗan.

Sarkin Kallo:
Baban Khalifa, wasan Ajantinan nan fa da alƙali ya ba mu fanaretin hannun ɗan wasansu Rojo da ba haka zancen yake ba. Har allon ya je ya duba ya dawo ya ce babu.

Baban Khalifa:
Daga kansa ta sauko kan hannun, doka ta ce ba laifi. Shekara nawa muna wannan musun da kai?

Uwar Biyu:
Jikar Iya, gwaten accan nan da yakuwa kawai kuke yi ko kuna sa gauta? Nawa kullum tsinkewa yake.