Taƙaitawa: Kibod da Maus Marasa Waya Ga Masu Yawan Rubutu

Jama'a, maganar da aka yi ta yi kan wane kibod da maus marasa waya suka fi dacewa da masu yawan rubutu ta yi tsawo, ga abin da na tattaro daga ra'ayoyin mutane.

1. Kusan kowa ya yarda cewa kibod mai rabe biyu ya fi sauƙi ga wuyan hannu, domin hannu ba ya karkacewa waje. Logitech Ergo K860 aka fi ambata. Sai dai a farko saurin rubutu zai ragu, musamman ga mai bugu da yatsa biyu yana kallon haruffa.

2. A kan maus aka rabu. Masu son na tsaye sun ce riƙonsa kamar musabaha ne: cikin na Logitech, MX Vertical, mai karkatar digiri 57, ga mai babban hannu, Lift kuwa ga ƙaramin hannu, har da na bahago. Wasu sun ce hannunsu ya ƙi sabawa, sun koma na da.

3. Haɗi: ɗan ƙaramin USB ɗin da ake sokawa a kwamfuta don haɗa ta da kibod ko maus ya fi Bluetooth tabbas, amma yana cin kafar USB ɗaya. A kula, K860 na gama-gari da Lift ba sa iya aiki da ɗan USB ɗaya tare.

4. Batir ko caji? Masu fama da rashin wuta sun fi son mai batir, a ganina da gaskiyarsu.

5. Ƙ, ɗ, ɓ da ƴ ba daga kibod suke ba, tsarin Hausa ake sakawa a Windows.

6. Idan tebur ya yi tsayi, kibod mai tsada ba zai hana ciwo ba. Idan yatsu suna mutuwa, a ga likita.